Ramuka Bakwai a Kan Dutsen Ganga

Tun ranar Asabar da kuka ga motar ɗalibai ta tsaya a bakin mayo, wato rafin garin nan, kuka ga na shige gaba suna bina a baya suna ɗaukar hoto, kuka yanke hukunci cewa aikin nan ba wuya. Ɗayanku har ya ce wai yawo ne kawai ake biyan mutum a kansa. To, ku zauna. Ban hana kowa ba, dutsen ba gadon gidanmu ba ne. Amma kafin mutum ya shige gaban 'ya'yan mutane ya hau da su, ya kamata ya ji yadda aka yi dutsen ya kai yau a tsaye, domin saura ƙiris in kayar da shi da hannuna.

Ni ba da rakiyar baƙi na fara ba. Da fasa dutse na fara. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, gonarmu ta Sahuda ba ta ishe mu ba, sai na je wurin Malam Ɗanjuma, wani dattijo mai ido ɗaya da iyayensa suka zo daga wajen Sakkwato suka zauna a Mubi. Ranar farko bai ba ni guduma ba. Wani guntun ƙarfe ya miƙo mini, ya ce in bi falalen dutse ina ƙwanƙwasawa ina saurare. Na yini a rana ina yi. Da yamma ya ce, "Iliya, me ka ji?" Na ce, "Dutse na ji, Malam." Ya ce, "To ba ka ji komai ba, ka dawo gobe." Sai da na yi mako uku kafin kunnena ya buɗe. Inda dutse ya amsa da ƙarfi a dunƙule, a cike yake har ƙasa, kada ka ɓata ƙarfinka. Inda ya amsa kamar tulun da babu ruwa, akwai tsaga a ƙarƙashi, nan za ka sa ƙarfe. Malam yakan ce dutse yana da jijiya kamar nama, wanda bai san jijiya ba shi ke karya ƙotar guduma.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Babbar guduma, da ƙarama ta yin tsakuwa, da dagi na ɗaga abin da ya tsage, da ƙarafan tsaga waɗanda wani maƙeri a unguwar Kolere yake wasa mana. Sai tsofaffin tayoyin mota. Za ka jera su a kan falale ka cinna wuta da hantsi, ta ci har azahar, ka bar wurin ya huce. Washegari saman dutsen yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Hayaƙin yana zama a ƙirji, tsartsatsin dutse kuma ba ya sallama kafin ya shiga ido. Shi ne ya cinye na Malam. Masu saye kuwa direbobin tifa ne da magina, kuma babu wanda ya taɓa cewa tsakuwa ta yi daidai. Wannan ya ce ta yi manya, wancan ya ce ta yi gari.

Aikin da nake so ku riƙe shi ne wanda muka yi ni da abokina Bitrus bayan rasuwar Malam. Kun san Dutsen Ganga: ƙaton dutse zaune a kan ƙanana kamar tukunya a murhu, kogo a ƙarƙashinsa, idon ruwa yana fita a gindin tsaunin. A gefen kogon akwai faffaɗan duwatsu da idan ka buga da ɗan dutse suke ƙara kamar ganga, ana ji har cikin gari. Yanzu biyu ne. Da uku ne. Wani magini yana neman duwatsun harsashin gini masu faɗi, muka duba babu mai sauƙin tsagewa kamar na ukun, muka ɗora masa taya huɗu. Wata tsohuwa da ta zo ɗiban ruwa ta tsaya tana kallonmu, ta ce, "Wannan ne kakanninmu yana bugawa in an gama girbi." Bitrus ya ce, "Mama, yanzu akwai rediyo." Muka yi dariya. Kwana biyu muka gama da shi, tifa ɗaya ta kwashe.

Bayan wasu shekaru wata malamar jami'a ta zo da ɗalibanta, Malama Hannatu, mai koyar da ilimin duwatsu. Suna neman wanda ya san hanya, Jauro mai garinmu ya nuna ni. Na ɗauka dako zan yi musu, na ɗauki jarkar ruwa na shige gaba. A saman tsaunin ta zaunar da su ta fara bayani da Turanci, tana juyowa tana maimaita mini da Hausa. Ta ce dutsen nan a can cikin ƙasa ya narke kamar dalma, ya huce a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsa suke da girma har ido yana raba fari da baƙi da ja. Ta ce farin layin da na sani da jijiya daga baya ya zo, ya cike tsagar da ta buɗe. Ta ce ƙaton da ke sama ba wanda ya ɗora shi, ruwa da rana ne suka cinye abin da ke kewaye da shi cikin shekaru da ba sa ƙirguwa, suka bar shi a zaune. Ni kuma na nuna mata abin da ba ta sani ba. Na ƙwanƙwasa mata wuri biyu da ba su fi taku ɗaya tsakani ba, na ce nan cike, nan fanko. Ta sa ɗalibai suka yi shiru suka saurara.

Da muka zo wurin duwatsun kiɗa ta ga gurbin na ukun, da baƙin hayaƙi har lokacin bai gama wankewa ba. Ta ce, "Baba, nan akwai wani da?" Na ce akwai. Ta ce, "Wa ya fasa?" Na ce, "Ni." Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana shafa wurin, sannan ta ce, "Itace idan an sare yana tohowa. Dabba idan ta ƙare a daji ana iya kawo wata ta hayayyafa. Dutse ba ya haihuwa, Baba."

Ita ce ta ɗauke ni zuwa gandun dajin gwamnati da ke can kudu, wata tafiya da ta yi da ɗalibai, don in ga yadda masu rakiya suke aiki. A can ko ɗan dutse ka sa a aljihu ma'aikata za su ce ka ajiye. Amma na lura da abu guda. Baƙi dabbobi kawai suke tambaya. In ba su ga ɓauna ko biri ba sai su koma suna ƙorafi, alhali sun wuce duwatsu da magudanan ruwa da kowanne yake da labarinsa, ba wanda ya tsayar da su ya faɗa musu. Malama ta ce abin da take faɗa wa manya ke nan: dabba tana ɓuya, dutse kuwa kullum yana nan, idan aka koya wa mutanen wurin su nuna shi, baƙo ba zai koma hannu wofi ba. Ta ce doka a takarda take, mai tsaron dutse na gaskiya shi ne maƙwabcinsa da yake cin abinci saboda dutsen yana tsaye. Ta ce ta rubuta a sa tsauninmu cikin wuraren da doka ta kare. Takardar ba ta fito ba har muguwar shekara ta zo.

Ba sai na ba ku labarin shekarar ba, wasunku a bayan iyayenku mata kuka yi ta. Da tsakar rana aka ji harbi daga wajen Mubi, kafin la'asar hanya ta cika da mutane da ƙafa. Ni na bi da mutanen unguwarmu ta bayan tsauni, inda mota ba ta zuwa. Kwana huɗu muka yi a kogon Dutsen Ganga, Kirista da Musulmi, muna shan ruwan idon nan, kafin muka tsallaka Kamaru. Da muka dawo, gidaje a ƙone, famfon burtsatse a lalace, gadar mayo ta karye. Ɗalibai sun daina zuwa, wayar Malama ba ta shiga. Baƙo kuwa wa zai zo kallon dutse a garin da ake tare mutum a shinge sau biyar kafin ya kai kasuwa? Na koma ga guduma. Kowa gini yake yi, kowa tsakuwa yake nema.

A cikin haka ne wani ɗan kwangila, Alhaji Manu, ya sami aikin gadar. Yana buƙatar dutse mai yawa, ba irin na taya da guduma ba, na nakiya. Dutsen Ganga ne mafi kusa da hanya. Jauro ya tara dattawa, aka amince, kuma ba zan ce sun yi wauta ba. Maza suna zaune babu aiki, damina na tafe, kuma in mayo ya cika babu mai kai mara lafiya asibiti. Alhaji ya tambayi wanda ya fi sanin jijiyar dutsen, aka ce Iliya. Ya ce in nuna inda za a huda. Na karɓa. Ku ji da kyau, na karɓa. Na hau da alli na zana wuri bakwai a falalen da ke bayan ƙaton dutsen, inda na san in ya tashi komai zai gangaro. Suka kawo injin huda suka yi kwana uku suna aiki.

Bayan huda akan zuba ruwa a rami a wanke ƙura. Na ɗaya ya cika ya tumbatsa, na biyu haka, har na huɗu. Na biyar na juye masa bokiti guda, ruwan ya ɓace. Na ƙara wani, ya ɓace. Na kwanta na kara kunne a bakin ramin, na ji ruwan yana tafiya can ƙasa yana ƙara kamar ciki mai yunwa. Na ɗauki ƙarfe na bi falalen ina ƙwanƙwasawa, fankon yana gangarowa, yana gangarowa, ya nufi gindin tsauni daidai inda idon ruwa yake. Tun da famfo ya lalace, idon nan ne kaɗai ruwan da garin yake sha da rani. Na taɓa ganin inda nakiya ta girgiza tsaga ruwa ya canza hanya bai dawo ba.

Na faɗa wa Bitrus, domin shi aka naɗa shugaban masu fasawa. Ya ja ni gefe ya ce, "Iliya, ka rufe bakinka. Mutum talatin yana jiran aikin nan. Yarana wata biyu ba su ga miya da nama ba." Na je wurin Alhaji, ya yi dariya ya ce, "Malam Iliya, kai injiniya ne?" Na je wurin Jauro. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Na riga na ba da baki a gaban jama'a. Ba zan janye don kunnenka ya ji wani abu ba. Kawo abin da idona zai gani."

Sai na tuna wata magana da Malama ta yi wa ɗalibai, cewa in ana son sanin inda ruwa yake bi a ƙarƙashin ƙasa, launi ake zuba masa a jira a ga inda zai ɓullo. Na shiga kasuwar Mubi na kwashe bular wanki, shuɗin nan da mata suke sa wa fararen kaya, duk abin da na samu a shago uku. Na dawo da niyyar in gwada washegari a natse. Ina isowa aka ce mini gobe da safe mai nakiya zai zo.

A lokacin nakiya ba abin wasa ba ce. Sai da izini, sai da rakiyar jami'an tsaro, kuma izinin na yini ɗaya ne, abin da bai tashi ba kafin la'asar da shi za a koma. Da hantsi suka iso, mai nakiyar wani siririn mutum ne da ba ya yawan magana, ana ce masa Oga Sunday. Na tari Jauro a gindin tsauni na nuna masa buhun bula. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni zuwa azahar." Alhaji ya ce ba za a tsayar masa da aiki ba. Jauro ya raba gardama: Oga Sunday ya fara cika ramuka daga na ɗaya, ni in zuba abina a na biyar, in an kira azahar ba a ga komai ba in sauka in ba da wuri. Ya sa aka kawo masa tabarma da farin kwano, ya zauna a bakin idon ruwa.

Matsalar farko ruwa ne. Dole a ɗebo daga ƙasa a hau da shi, hawa mai cin gwiwa, kuma babu namiji ɗaya da ya taɓa bokiti. Na yi sahu biyu ni kaɗai. Ina saukowa a na uku na ga mata sun jera da robobi a ka, wadda ke gaba Saratu ce, matar Bitrus. Bitrus ya daka mata tsawa ya ce ta ajiye. Ta ce, "Baban Yohanna, in ruwan ya tafi, kai ne za ka je mayo da rani ka tona yashi?" Ta wuce shi. Na dama bula a babban baho har hannuna ya koma kamar na marini, muka dinga ɗurawa, ramin yana sha.

Awa ɗaya, babu komai. Na aika a duba, aka ce ruwa fari tas. Oga Sunday ya gama na ɗaya da na biyu, yana tura nakiya da sandar itace a hankali, yana toshe bakin ramin da ƙasa. Yana matsowa kusa da ni rami bayan rami. Bular ta ƙare, sai ruwa zalla muke zubawa don ya tura ta. Can gabas hadari ya fara haɗuwa. Maza sun taru a ƙasa suna magana da ƙarfi don in ji. Wani ya ce malamar jami'a ce ta saye ni. Wani ya jefo dutse, ya faɗi kusa da baho. Bitrus ya hau ya ci kwalata, idonsa ja, ya ce, "Kai ka zana ramukan nan, Iliya! Kai! Yanzu kana so ka zama waliyyi a kanmu?" Wani jami'i ya raba mu, ya ce mata duka su sauka, wurin ya zama na haɗari.

Oga Sunday ya gama na huɗu ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Baba, na biyar." Na ce ba a kira salla ba. Ya duba agogo, ya duba sama, ya zauna a kan akwatinsa. Ba mu fi minti goma a haka ba muka ji ladan daga cikin gari.

Na sauka. Jauro yana zaune, kwanon a gabansa, ruwan ciki fari kamar hawaye. Ya ce, "Iliya, na cika maka alkawari." Na ce, "Ka cika, ranka ya daɗe." Alhaji ya ɗaga hannu yana yi wa na sama alama su ci gaba. Jauro ya zubar da ruwan kwanon, ya matsa bakin ido ya tara sabo don ya yi alwala. Ya wanke hannu. Ya ɗebo zai kai baki sai ya tsaya. Ya zubar, ya sake tarawa, ya ɗaga kwanon ya karkata shi wajen haske. Ya zubar, ya tara na uku. Wannan karon har ni da nake tsaye nesa na gani. Gindin kwanon ya yi shuɗi-shuɗi.

Ya ce, "Alhaji, zo." Alhaji ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sama ce take haskawa a ciki." Jauro ya ce, "Ɗaga kanka ka duba saman. Ina shuɗi a wurin?" Sama baƙi ƙirin take da hadari. Kafin su gama magana ruwan da ke fita daga tsagar ya koma kamar na baho. Mata suka sa guɗa, Jauro ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce a hau a gaya wa mai nakiya ya dakata.

Kuna tsammani nan aka gama. Nan aka fara. Rami huɗu cike suke da nakiya. Oga Sunday ya sauko ya ce wa Jauro, "Cirewa ya fi sakawa haɗari. Ga hadari. In walƙiya ya sauka kusa, wayoyin nan ba ya jiran izinin kowa. Abu mai sauƙi shi ne in tayar da huɗun mu tafi gida." Alhaji ya ce a tayar. Wasu dattawa ma suka ce a tayar, huɗu ba bakwai ba ne. Jauro ya juyo ya tambaye ni ko huɗun za su taɓa tsagar. Na ce na huɗu da na biyar taku uku ne tsakaninsu. Sai ya ce wa Oga Sunday, "Ba zan tilasta maka ba, ranka ne. In za ka iya, ka cire." Mutumin ya tofar da yawu ya ce yana son mutum ɗaya ya riƙe masa akwati, wanda ya san gajeriyar hanyar sauka. Kowa ya kalle ni.

Jami'ai suka kora jama'a har tsallaken gonaki. Muka hau mu biyu. Ya sa na cire duk wani ƙarfe a jikina, har makullin gida. Ya kwanta rub da ciki yana kwashe ƙasar bakin rami da cokalin itace, kaɗan-kaɗan, yana zuba ruwa, sannan ya jawo abin a hankali kamar mai zare ƙaya daga ƙafar jariri. Ya miƙo mini in sa a akwati. Na ɗaya ya fito. Na biyu ya fito. Muna kan na uku aka yi tsawa can bayan garin Mugulbu, dutsen ya amsa a ƙarƙashin gwiwata. Hannunsa bai motsa ba, ya ce kawai, "Kada ka gudu, Baba. In ka gudu da akwatin nan mun mutu." Na huɗu ya maƙale. Ya ja, ya ƙi. Ya zuba ruwa ya jira, iska tana kwasar ƙasa tana watsa mana a ido. Ya sake ja da yatsa biyu, ya taho. Muna rufe akwati ɗigon farko ya faɗo a wuyana. Na bi da shi ta bayan kogo muka sauka, ruwa yana dukanmu har mota.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Alhaji ya koma wani tsauni mai nisa da babu ruwa babu kogo, sai da ya sake neman izini, gada ba ta samu ba a daminar nan. A watan da ruwa ya fi ƙarfi wani dattijo a unguwarmu ya kwanta ciwo, mayo ya cika, aka kwana biyu ba a tsallaka da shi ba, ya rasu a hanya. A wurin zaman makoki na ji ana cewa bular Iliya ce. Ban yi musu ba. Fiye da shekara babu maginin da ya ba ni aiki, noma na koma. Bitrus ya shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, ko a coci.

A hankali gari ya lafa. Malama ta dawo da ɗalibai, na nuna mata ramukan, ta ce kada a toshe su da siminti, a sa turakun itace, a riƙa nuna wa baƙi. Ɗalibai suka kai labari, matasan coci suka zo, 'yan makarantar Islamiyya suka zo, ma'aikata daga Yola suka fara zuwa ranar hutu. Saratu ta kafa tukunyar kunun gyaɗa a gindin tsamiya. Matakalar da kuke hawa a wurin nan mai santsi, Bitrus ne ya sassaƙa ta, ba wanda ya sa shi. Ranar da ya gama ya ce mini, "Baƙinka suna faɗuwa, abin kunya ne ga gari." Gaisuwarmu ta farko ke nan.

Aikin kansa kuwa, ga shi. Ka sanar da shingen tsaro kafin ka hau. Ka ƙirga kawuna a ƙasa, ka ƙirga a sama, ka ƙirga in an sauko. Ka duba takalmin kowa, domin falale bayan ruwa ya fi miyar kuɓewa santsi. Akwai zuma a bakin kogo ta hagu, mai turare ya bi ta dama. Ba a rubuta suna da fenti, ba a ɓantarar ko ƙwaya a tafi da ita, ko ɗan wane ne. Na taɓa karɓe guduma a hannun wani babban mutum a gaban matarsa, bai sake gaishe ni ba, dutsen kiɗa kuwa yana nan da bakinsa. Kuma dole ka san abin da za ka faɗa. Baƙon da ka kai sama ka ce masa "ga dutse" ba zai dawo ba, ba zai turo kowa ba.

Takardar Malama har yau tana ofis, kullum ana cewa ana dubawa. Jauro ya rasu bara, ɗansa ne a kai, kuma a birni ya girma. Ranar Laraba na zaga ta gefen gabas, inda ba na kai baƙi, na tarar da alamun jan fenti a kan falale, sababbi, guda goma sha ɗaya. Na tambaya, an ce wasu ne suka zo da mota suka auna suka tafi. Na bi wurin da ƙarfe na ƙwanƙwasa tun daga sama har ƙasa. A cike yake. Babu tsaga, babu ruwan da zai fito ya yi magana a madadinmu, amma ƙaton dutsen a kan wannan falalen ya jingina.

Ranar Litinin akwai zama a ƙofar sabon Jauro. Gwiwata ba ta hawa sau biyu a yini yanzu, muryata ma ba ta kai bayan taro. Wanda a cikinku zai iya tsayawa gaban dattawa da masu kwangila, da 'yan uwansa da ke jiran aiki suna harararsa, ya faɗi dalilin da zai sa a bar dutsen nan a tsaye, ya same ni a gindin tsamiya da hantsi mu tafi tare. Sauran ku koma harkokinku, ba zan riƙe kowa a zuciya ba.